Fanko, Fegi da Kango: Kafin a Goge Foldar da Babu Komai a Cikinta

Bahaushe ba ya kiran duk abin da babu komai a cikinsa da suna ɗaya. Kwalin ashana da aka ƙarar da tsinkensa fanko ne. Gidan da masu shi suka tashi, rufinsa ya zube, bangonsa na tsaye, kango ne, idan kuma gari guda aka watse aka bari, sai a ce kufai. Filin da aka auna aka kafa masa turaku, ba a kai ga aza tubali ba, shi ake kira fegi, gonar da aka bar ta ta huta shekara biyu ko uku kuma saura ce. Babu wanda zai ɗauki fegi ya jefa a juji don bai ga gini a kai ba, kuma wanda ya rushe kango ba tare da tambayar magada ba ya ja wa kansa shari'a.

Kwamfuta ba ta san wannan bambanci ba. Tambaya ɗaya take yi wa folda: akwai wani abu a ciki, ko babu? Idan babu, shi ke nan, hukuncinsu ɗaya. Wannan ya shafi ɗalibin Hausa fiye da yadda zai yi zato, domin duk mai nazarin harshe a yau mai tara fayiloli ne: sautin hira da tsofaffi, hotunan takardun ajami, jerin kalmomi, saƙonnin murya da aka turo masa ta WhatsApp. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ya tarar da foldoji birjik (jam'in ya bi hanyar oda da odoji) waɗanda in ya buɗe babu ko ƙura. Akwai umarni mai layi ɗaya da zai kwashe su gaba ɗaya kafin ƙiftawar ido. Umarnin yana da kyau, ya kamata kowa ya iya shi. Sai dai bai dace a sake shi a kan ajiyar nazari ba sai an tantance fanko daga fegi da kango, duk abin da ba fanko ba kuma a rubuta masa bayani a saka a ciki.

Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar aikin da ake yi a kan Hausar Sudan, musamman ta garuruwan gaɓar Shuɗin Nilu da ke kewayen Sinja, hedikwatar jihar Sinnar. Zaman mutanen Afirka ta Yamma a wannan yanki tsohon abu ne. Mahajjata masu tafiyar ƙasa sun daɗe suna yada zango a nan, wasu su yi noma su tara guzuri su wuce Makka, wasu zango ya zame musu gida. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a yaƙin Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, bayan 'yan shekaru suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, a garin da har yau ake kira da laƙabinsa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman audugar Jazira ya ƙara jawo ma'aikata daga ƙasar Hausa da Borno. Harshen da zuriyarsu ke yi ya sha Larabci sosai, abin da Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartoum ya rubuta littafi guda a kansa a 1999. Ga mai son ganin yadda Hausa ke sauyawa idan ta yi shekara ɗari a tsakiyar wani harshe, da wuya a sami fage irin wannan.

A ƙaddara ɗalibi ne ya ɗauki wannan aiki. Zai buɗe folda ga kowace jiha, a cikinta folda ga kowane gari, a cikin kowane gari kuma ya ware tatsuniya, karin magana, hira da sauransu. Tun daga sunayen garuruwan matsala za ta fara. Sunan da ake rubutawa سنجة da Larabci, a taswirar Turawa wani lokaci Singa ne, wani lokaci Sinja, saboda harafin jimun a bakin mutanen Sudan yana fita ne tsakanin “j” da “g”. Sinnar takan zama Sennar, Jazira ta zama Gezira. Mai Wurno kuwa ya fi kowa yawan riguna: Maiurno a littattafan Turawa, kamar na Mark Duffield na 1981, Mayirno idan an bi lafazin Larabci, ga kuma Mai Wurno na 'yan boko. Abokin aikin da ya yi karatunsa a makarantar Sudan, inda da Larabci ake koyarwa, zai sa wa tasa foldar suna da haruffan Larabci. Ga shi kuma a tsarin Linux “Sinja” da “sinja” folda biyu ne daban, domin yana bambanta babban baƙi da ƙarami. Ranar da ɗalibin ya zauna ya haɗa kan waɗannan tagwaye, ya kwashe fayilolin Singa ya zuba a Sinja, abin da zai rage a baya fanko ne tsantsa. Ba ya ɗauke da wani labari, barinsa ma ɓatar da mai nema yake yi, ya buɗe ya ga wayam ya zaci babu abin da aka tara daga garin. Irin wannan a goge shi ba tare da waiwaye ba.

Kayan aikin da aka yi domin haka shi ne rmdir, wanda yake cikin tsarin Unix tun fitowarsa ta farko a 1971. Ana buɗe tagar umarni a rubuta:

rmdir Singa

Kyan rmdir yana cikin taurin kansa. Idan akwai ko da fayil ɗaya a cikin foldar, zai ƙi, ya ce ba wofi ba ce. A Windows ma umarnin rd haka yake yi muddin ba a ƙara masa /s ba. Mai wayar Android da ya saka manhajar Termux zai sami rmdir da 'yan uwansa a tafin hannunsa, abin da ke da muhimmanci a inda waya ita ce kwamfutar yawancin mutane. Sau da yawa mutum zai ga folda wayam amma rmdir ya ƙi taɓa ta. Dalili shi ne ɓoyayyun fayiloli: kwamfutar Mac tana barin .DS_Store, Windows yana barin Thumbs.db ko desktop.ini, wayoyin Android kuma sukan ajiye .nomedia. Umarnin ls -a yana tona su. A daidai wannan gaɓa ce mai gaggawa yake fusata ya koma ga rm -r, wanda ba ya tambaya, ba ya duba, yana cinye folda da duk abin da ke cikinta, kuma abin da aka goge daga layin umarni ba ya biyawa ta kwandon shara balle a je a tsamo shi. Ƙin da rmdir ya yi gargaɗi ne, minti ɗaya na dubawa ya isa a san ko .DS_Store ne ya tsaya a hanya ko kuwa wani abu mai daraja.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da masu rubuta Hausa, wanda littattafan koyon kwamfuta na Turanci ba za su faɗa ba. Fili tsakanin kalmomi yana raba suna biyu a idon kwamfuta, don haka wanda ya rubuta rmdir Mai Wurno ya umarce ta ta goge folda mai suna Mai da wata mai suna Wurno. Dole a rufe sunan da alamar zance: rmdir "Mai Wurno". Ya fi wannan ban haushi idan sunan ya fara da 'y, kamar 'yan kasuwa, domin waƙafin saman da Hausar Najeriya ke rubuta wannan sauti da shi, a wurin kwamfuta buɗe zance ne. Sai ta tsaya tana jiran a rufe, mutum yana ta danna maɓalli babu abin da ya faru. Alamar zance mai biyu tana warware wannan ma. Mutanen Nijar da ke rubuta ƴ sun huta da wannan wahala, su kuwa ɓ, ɗ da ƙ ba su da laifi a sunan folda, illa dai wahalar buga su a kan wasu allunan.

Idan foldojin sun kai hamsin ko ɗari, bin su ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne, sai a kira find. Wannan layi yana jero duk foldar da babu komai a cikinta daga inda mutum yake tsaye zuwa ƙasa, ba ya goge komai:

find . -type d -empty -print

Wanda aka fi yaɗawa kuwa shi ne ɗan uwansa, inda ake cire -print a saka -delete. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a fara duba jeri, in an gamsu sai a goge. Shawarar tana da kyau amma ba ta cika ba, kuma a nan ne ya kamata ɗalibi ya nutsu. Abin da jerin ya nuna bai kai abin da -delete zai goge ba. Dalilin yana cikin yadda find ke tafiya: da zarar an ba shi -delete, yakan fara daga can ƙasa ya hauro sama, ya gama da 'ya'ya kafin ya duba uwa. A ce a cikin foldar Dindir babu komai sai ƙananan foldoji uku, tatsuniya, karin magana da hira, dukkansu wayam. Jeri zai nuna layi uku, sunan Dindir ba zai fito shi kaɗai ba, tunda a lokacin tana ɗauke da 'ya'yanta. Amma wajen gogewa, da an kwashe ukun nan ita ma ta zama wofi, sai find ya haɗa da ita. Idan ita kaɗai ce a ƙarƙashin wata babbar folda, ita ma waccan ta bi su. Mutum ya amince da goge abu uku, an goge huɗu ko biyar, sunan gari guda ya fita daga taswirar aikinsa ba tare da ya gani ba.

Kuma tsarin kalmomin umarnin ba abin wasa ba ne, domin find yana karanta su daga hagu zuwa dama yana aikatawa. Wanda ya gabatar da -delete a kan -type d -empty ya ce a goge duk abin da aka tarar, sharaɗin ya zo bayan aikin gama ya gama. Wanda ya manta -type d shi ma ya faɗaɗa hukuncin, domin -empty yana kama fayilolin da nauyinsu sifiri ne. Irin waɗannan fayiloli suna yawa a wurin mai karɓar sauti daga inda intanet ke yankewa: suna ya iso, murya ba ta iso ba. Sunan saƙon murya na WhatsApp a wayar Android yana ɗauke da shekara da wata da rana. Ko da babu sauti, ya shaida cewa a rana kaza wani ya yi ƙoƙarin aiko da wani abu, kuma ana iya komawa a roƙe shi ya sake turowa.

Me zai sa a damu da sunan gari a kan foldar da babu komai a cikinta? Amsar tana cikin abin da ya sami yankin. A watan Yuli na 2022 rikicin ƙabilanci ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, a wajajen Rusairis da Damazin, ya sake tashi a Oktoba, Hausawa da dama suka rasa rayuka, dubbai suka bar gidajensu. A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Wad Madani, babban birnin Jazira, ya faɗa hannun RSF a Disamba na wannan shekara. A Fabrairu 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a yawancin ƙasar. A ƙarshen Yuni 2024 aka shiga Sinja kanta, jama'a suka watse zuwa Gadarif da sauran wurare, sai a Nuwamba sojoji suka karɓe ta. Duk wanda ke tattara harshe daga wannan yanki a waɗannan shekaru, ko yana can ko yana Kano ko Zariya yana jiran saƙo, ajiyarsa za ta cika da giɓi, kuma giɓin ba iri ɗaya ba ne.

Wata foldar fegi ce: an buɗe ta da niyyar zuwa garin, hanya ta rufe, ba a je ba. Wata kango ce: an taɓa zuba sauti a ciki, kwafi ɗaya tak, ya tafi tare da wayar da aka ƙwace a hanya ko katin ajiya da ya lalace. Wata kuma an je garin, an tarar mutanen da ake nema sun tashi. Ga mai nazarin karin harshe waɗannan abubuwa uku ne mabambanta, kuma kuskuren da ya fi muni a fagensa shi ne ya mayar da “ba a tambaya ba” ya zama “babu”. Idan ya zo rubuta kundin digiri bayan shekara uku, ya duba ajiyarsa ya ga garuruwa shida, zai rubuta a kan shida kamar su ke nan. Ya manta cewa tara ya tsara, ukun da suka ɓace kuma su ne waɗanda yaƙi ya fi taɓawa, watakila ma su ne harshensu zai fi saurin sauyawa yanzu da masu shi suka warwatsu cikin wasu al'ummu. Samfurinsa ya karkata zuwa inda aka zauna lafiya, shi kuwa bai sani ba, domin shaidar karkatar ita ce ya share da layi ɗaya ranar da ya ga kwamfutarsa ta yi datti.

Folda wofi tana da shaida ɗaya da take riƙewa, wato kwanan wata. Umarnin ls -ld da sunan foldar yana nuna ranar ƙarshe da aka saka ko aka cire wani abu daga cikinta. Idan ranar ta yi daidai da ranar da aka tsara aikin tun farko, alama ce ta fegi. Idan ta zo daga baya, wani abu ya taɓa zama a ciki ya fita, sai a bincika ko ƙaura aka yi masa ko ɓata ya yi. Shaidar ba ta da ƙarfi sosai, domin kwafe folda zuwa wata na'ura yakan sabunta kwanan watan, amma ta fi babu, kuma tana mutuwa tare da foldar.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce folda ba wurin ajiye tarihi ba ce. Wanda ke son ya tuna garuruwan da bai je ba ya rubuta a littafinsa ko a jadawali, ya bar kwamfuta ta zauna tsaf. Zai ƙara da cewa folda wofi ba ta da amana ko an bar ta: manhajar Git, da masu bincike da yawa ke ajiye rubutunsu a ciki, ba ta ma san da foldar da babu fayil a cikinta ba, shi ya sa masu amfani da ita suka ƙirƙiro al'adar jefa wani ɗan fayil mai suna .gitkeep don ta tsaya. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce ma ta nuna abin da ya kamata a yi. Barin kango wayam ba adana shi ba ne, jiran ranar da wani zai share shi ne kawai. Amma littafin rubutu da jadawali sukan rabu da fayiloli. Ana ba wa abokin aiki kwafin ajiya a manta da jadawalin, malami mai duba aiki ya karɓi sauti bai karɓi littafin ba. Bayanin da ke zaune a cikin foldar kanta yana tafiya duk inda ta tafi. Layi ɗaya ya isa:

echo "Ba a je ba, hanya a rufe take. Yuli 2024." > "Abu Hujar/BAYANI.txt"

Da wannan an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Giɓin ya sami suna da dalili, foldar kuma ta daina zama wofi a idon kwamfuta, don haka rmdir zai ƙi ta, find ma zai tsallake ta, uwarta da ke sama ita ma ta tsira. Ga ɗalibin Hausa akwai ƙarin riba, domin rubuta irin wannan bayani horo ne a kan abin da harshen ya ƙware a kai. “Ba a je ba”, “ba a je ba tukuna”, “an je ba a samu ba”, “an samu ya ɓata”: jimloli huɗu gajeru, kowace da nata hukuncin a wurin mai nazari, kuma kalmar “tukuna” ita kaɗai ta raba aikin da aka haƙura da shi da wanda ake sa ran komawa. Abin da bai kamata ya shiga bayanin ba shi ne sunan mutumin da ya ba da labari ko inda ya gudu ya koma. A ƙasar da ake yaƙi, kwamfuta da waya suna iya faɗawa hannun kowa a shingen bincike.

Bayan an yi wa fegi da kango alama, abin da ya rage fanko ne, sai a share. A nan ma akwai zaɓi tsakanin hanyoyi biyu, kuma wadda ta fi dacewa da ajiyar nazari ita ce wadda ke mayar da aikin hannun rmdir:

find . -type d -empty -exec rmdir {} +

Wannan yana goge daidai abin da jerin farko ya nuna, ba ya haurawa sama ya ci uwa. Idan gogewar ta bar wasu sababbin foldoji wayam, sai a sake jero su, a duba, a sake yanke hukunci, hawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi son -delete saboda sauri, aƙalla ya ɗaure shi da -mindepth. A ajiyar da jiha ke hawa na ɗaya, gari na biyu, nau'in adabi na uku, rubuta -mindepth 3 yana hana shi taɓa sunan gari ko na jiha. Ya kuma haɗa -print kafin -delete, ya karkatar da abin da ya fito zuwa wani fayil a wajen ajiyar, domin ya kasance akwai rajistar abin da aka goge da za a iya dubawa in wata rana an nemi Dindir an rasa.